Bayan Wanzami Ya Ajiye Aska

Duk wanda ya saba halartar ɗaurin aure a garuruwanmu, in ya ɗaga kai ya dubi fuskokin jama'a, zai ga wani abu da ya faru a gabanmu ba a yi shelarsa ba. Dattawan da ke kan darduma kusa da liman da waliyyai, da yawansu akwai zane a kumatunsu. Matasan da suka yi cincirindo a baya, masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto, fuskokinsu sumul suke. Tsakanin sahun gaba da na baya tsaga ta ɓace.

A da kuwa karatu ce mai zaman kanta. Yaro ma ya san Gobirci, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan. Ya san zubin Kabawa, da dogayen layukan Barebari, da na Arawa mai tashi daga gefen baki ya nufi kunne. Ga bille, ga 'yar baka, ga fashin goshi, ga kalangu da 'yan mata kan yi don ado. Baƙo zai sauka a tasha, kafin ya yi sallama an san ƙasar da ya fito, wani lokaci har an san gidan da za a raka shi ya sauka.

Ina iya tuna safiyar suna a gidajenmu na da. Hayaƙin itace daga murhun ruwan wankan jego yana gauraye da turaren wuta, ganyen darbejiya na tafasa, an dama kunun kanwa an rufe a ƙwarya. Bayan an raɗa suna an raba goro sai ga wanzami rataye da zabira. Ya zauna a tabarma, ya wasa aska a tafin hannu, ungozoma ta miƙo jariri. Ya aske gashin haihuwa, sannan ya dubi kakan yaro ya ce, "Ta gado za a yi?" In an gyaɗa kai, kafin ƙiftawar ido an gama, an shafa baƙin tukunya, jariri ya tsala kuka, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Ban yi kukan tafiyar tsaga ba. Ɗan kwana bakwai ba a nemi yardarsa ba, kuma askar da ta taɓa jinin wannan ita za ta taɓa na wancan, alhali yanzu mun san ciwon hanta da ƙanjamau jini suke bi. Dalilin da ya haife ta ma ya wuce, don a zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi zanen fuska ne shaidar da za a gane ɗan gari in an kama shi, a fanso shi, ko a san gawarsa. Malamai sun yi wa'azi a kanta, dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 kuma ta hana yi wa yaro zane a fata. Amma tun kafin doka ta iso, iyaye da kansu sun fara cewa, "Aski kawai, Sarkin Aska."

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne duniyar da tsagar ta fito daga cikinta, inda ake sanin mutum kafin ya buɗe baki. A Kano har unguwanni akwai waɗanda sana'a ta raɗa wa suna, irin su Soron Ɗinki da Dukawa, in ka faɗi unguwarku ka faɗi rabin tarihinka. Laƙabi ma labari yake bayarwa: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba. In ana neman aure tsofaffi biyu za su yi tattaki su zauna da maƙwabta, kafin la'asar sun san ko kakan yaron ya taɓa cin amana. Saurayin da ya ari babbar riga zai tafi zance, duk layin sun san mai rigar. Da aka ce ramin ƙarya ƙurarre ne, har da ƙanƙantar gari da yawan idanu a cikin abin da ya ƙure shi. Mutum yakan zauna a matsayinsa ko don ba shi da wurin ɓuya, kuma daga wannan zaman akwai natsuwar da ke fitowa. Mai tallan gishiri ya san shi mai tallan gishiri ne, kowa ma ya sani, ba shi da wani mutum na biyu da zai riƙa karewa.

Sanin da aka yi maka kuma ba ya tsayawa a cikin mutane, akwai waɗanda al'ada ta ba izinin faɗa maka shi a ido. Kaka da jika. Taubasai, 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, masu bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, maƙeri da Buzu. Mun fi tuna wannan wasa a matsayin maganin faɗa tsakanin ƙabilu, da wannan fuskar ce ma hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Yana da wani aikin a cikin gida da ba a cika ambata ba. Abin da uba ba zai faɗa wa ɗan fari ba saboda alkunya, abin da ƙane ba zai faɗa wa yayansa ba saboda ladabi, taubashi zai faɗe shi a gaban jama'a ana dariya. Rowarka, ragwancinka, son girmanka da cika bakinka duk za ka ji su da sunansu, ba ka kuma da damar fushi, don fushi da abokin wasa shi kansa abin kunya ne. Ka yi dariya tare da mutane, da dare in ka kwanta maganar ta dawo maka ita kaɗai.

Na ga an yi wa wani ɗan'uwanmu haka. Ya dawo hutu daga makarantar kwana, Hausarsa ta koma ta hanci, kowace magana sai ya tsoma Turanci, tuwon dawa ma ya ce ya daina ci. Ya durƙusa gaida kakarmu tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta saurare shi har ya gama ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Maigida, muryar wa ka aro? Maza ka mayar kafin mai ita ya aiko, zanen aro ba ya rufe katara." Tsakar gida ta ɗauki dariya. Ta tura masa kwanon gyaɗar ta ce ya taya ta, tunda hannuwan dai nasa ne. Ba wanda ya sake tayar da zancen, da aka kawo tuwon dare kuwa ya ci. Ta cire masa abin da ya yafa, ta kuma matsa masa ya zauna kusa da ita, duk a numfashi ɗaya. Wannan haɗin na fi ganin ƙarancinsa yanzu. Masu faɗa maka aibinka suna nan da yawa, masu ba ka wurin zama ma suna nan, amma da wuya su zama mutum ɗaya.

Sai dai in na tsaya a nan na yi wa jiya irin kwalliyar da nake ƙorafi a kai. Garin da ya san ka ɗin nan, asalinka ya sani, kuma sau da yawa da shi yake ɗaure ka. Masanin nan ɗan Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta a 1959 yadda Hausawa ke jera mutane hawa-hawa bisa sana'a: masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye, mahauta da makaɗa da maroƙa can ƙasa. Ba sai mun karanta shi ba, da kunnenmu muka ji. "Ba ma aure da su." "Ai ka san ko ɗan wane ne." Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya, bakin mutane kuwa bai soke ta a wannan shekarar ba, kuma a wasu gidajen sarauta akwai tsagar da ke nuna mai ita ɗan bayi ne, da ita zai yi yawo har kabari. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To ɗan da zuciyarsa ke wani wuri fa? Yaro mai kaifin lissafi da aka haifa a gidan kiɗa, gari ya gama yanke masa hukunci tun yana goye. Mutane da yawa sun rayu sun mutu suna ɗaukar kansu yadda aka ɗauke su, ƙasa da yadda Allah ya yi su, kuma wannan ma rashin sanin kai ne, ko da an kira shi tawali'u.

Kunya da kara, da muke alfahari da su, sun rufe bakuna da yawa. Mace tana ƙonewa a gidan miji, a tambaye ta ta ce lafiya lau, har ta kai ita kanta ba ta iya rarrabe haƙuri da tsoro. Namiji ya karye a kasuwa, ya ci gaba da fita da sassafe da rawaninsa don kada a ce. Ƙarya ma ba yau aka fara ta ba. Maroƙi yakan ɗaga mutum ya haɗa shi da kakannin da bai gada ba, a biya shi a kan haka. Ku duba tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunan iyayenmu: saurayi a tsaye gaban labule mai zanen bene ko jirgin sama, agogo a hannu, rediyo a gefe, ƙafa ɗaya a kan kujera. Agogon da rediyon na mai hoto ne, ana gama ɗauka ya karɓe abinsa. Bambancin dai ita wannan ƙarya ta ɗan lokaci ce, kowa ya san wasa ce, in an fito daga shagon an bar ta a ciki.

A wancan zamanin ma akwai waɗanda suka san kansu fiye da yadda gari ya san su. Matar Smith ɗin, Mary, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Abin da ke kama mai karatu shi ne yadda tsohuwar ke faɗin nata ba kwana-kwana: auren fari na zumunci da aka yi mata zuciyarta na wajen wani, fitarta daga gidan, aurenta huɗu, rashin haihuwar da ya bi ta har tsufa, da 'ya'yan riƙon da ta raina. Ba ta neman tausayi, ba ta kuma ƙara wa kanta gishiri. Mace ce da ba ta yi boko ba, ta ga harin bayi ta ga zuwan Turawa, amma maganarta na da nauyin maganar wanda ya riga ya zauna da kansa ya gama lissafi.

Yau ƙofofi sun buɗe, kuma duk mai adalci zai yi hamdala. Ɗan mahauci likita ne, jikan makaɗi na koyarwa a jami'a, ba mai duba kumatunsa kafin ya ba shi aiki. Wanda ya yi abin kunya a ƙauye yana saurayi zai iya tafiya wani gari ya fara sabuwar rayuwa, ba a bi shi da tsohon suna ba. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, matar aure tana ɗakinta tana sayar da turaren wuta da atamfa ga mutanen da ba su san gidansu ba, kayanta kawai suke dubawa. Akwai ma gaskiyar da iyayenmu ba su iya faɗa ba mu muke faɗa. A da iyali kan ɓoye ciwo don kada 'yarsu ta rasa miji, a haifi yara masu amosanin jini a ce iska ce ko maita. Yanzu saurayi da budurwa kan je asibiti a duba jininsu, a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin a ɗaura aure. Na ga waɗanda suka rabu suna kuka saboda sakamakon gwajin, kuma ban ga ƙarya a wannan kukan ba. Matasa na magana a fili kan ciwon damuwa da shaye-shaye, abubuwan da a da sai dai a ce wane ba ya jin daɗi.

Amma ƙofar da ta ba mutum damar ya fita daga inda aka ɗaure shi, ita ta ba shi damar ya ƙera wani mutum ya sa masa sunansa. Waya na gyara fuska kafin a tura hoto, ta share tabo, ta rage hanci, ta ƙara haske. Wasu ba su tsaya a hoto ba. Mun ajiye aska mun ɗauki man bilicin, wanda wasu nau'o'insa ke ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, har ta kai a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Tsaga aƙalla cewa take yi ga inda na fito, shi kuwa man cewa yake yi kada a ga yadda na zo. Ku dubi bikin aure. Kamu, sa lalle, dina, walima, kowanne da ankonsa da ɗakin taronsa da mai ɗaukar hotonsa. Akwai gidajen da ake cika akwatunan lefe da kayan aro, a nuna wa dangi, a ɗauki bidiyo, bayan kwana biyu a mayar. Amarya ta tare a ɗakin da aka ƙawata da bashi, angon da ya yi liƙi a gaban jama'a yana kashe waya saboda masu binsa. Ba mugaye ba ne waɗannan mutane. 'Yan'uwanmu ne da ke tsoron a raina su, a zamanin da idon da ke kallon mutum ya tashi daga mutanen layinsu ya koma dubban baƙi a Facebook da TikTok, waɗanda ba su san shi ba balle su yi masa uzuri.

Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce wannan: yabon da aka yi wa abin da ba kai ba, ba ya isowa gare ka. Yarinyar da aka yi wa ruwan "masha Allah" a ƙarƙashin hoton da waya ta gyara, ta san wadda aka yaba, ta kuma san wadda za ta gani in ta wanke fuska. Kowane yabo sai ya ƙara tabbatar mata cewa ta ainihin ba ta isa a nuna ba. Mai irin wannan rayuwa kamar mai kiwon dokin aro yake, shi ke yankan ciyawa, shi ke sharar turke, ranar hawa kuwa da sunan mai doki ake kirari. Ga kuma tsoron da ba ya barin mutum, kada wani ɗan garinsu ya ɓullo a wurin aiki, kada mahaifiyarsa ta zo da zanenta na gida a gaban abokai. Na san saurayin da ke cewa mahaifinsa "yana harkar dabbobi", alhali mahauci ne, kuma da kuɗin fawar aka biya masa makaranta tun daga firamare. Uban yakan tashi kafin asuba, wuƙarsa ba ta taɓa yanka mushe ba, unguwa guda ta yarda da namansa. Ɗan ya gaji abin da zai tsaya a kai da ƙafa biyu, ya sauka daga kai don kunyar mutanen da ba za su zo jana'izarsa ba. Ina tausayinsa, don raunin da tsohon tsarin asali ya yi shi ne bai warke ba.

Kada a ɗauka ina kiran mutane su tona wa kansu asiri. Rufin asiri na cikin abin da muke roƙon Allah safe da yamma, kuma magidancin da ya wanke rigarsa ɗaya ya goge ya fita, bai faɗa wa kowa gidansa ba a ɗora tukunya ba, bai yi ƙarya ba. Ya yi shiru ne a kan abin da yake nasa. Ƙarya na farawa daga inda mutum ya tallata abin da babu, ta kuma yi ƙarfi ranar da shi kansa ya fara yarda da tallan. Haka nan akwai wata sabuwar ɗabi'a da ake kira gaskiya alhali rashin kunya ce. Mutum ya ci mutuncin na gaba da shi, in an yi magana ya ce, "Ni haka nake, ba na munafunci." Wanda ke faɗin haka yawanci aibin wasu ya ƙware a gani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma "haka nake" ƙofa ce da ake rufewa don kada a gyara, alhali amfanin sanin hali shi ne a san inda za a kama.

Malamanmu na zaure ba su bar wannan aiki a hannun gari kaɗai ba. Ɗalibin da ya buɗe Ahalari, kafin ya kai babin tsarki sai ya bi ta kan gyaran imani da tuba da tsare harshe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a cikin Ihya'u Ulumiddin hanyoyi huɗu da mutum zai san aibin kansa: ya zauna gaban malami mai basira da zai nuna masa, ko ya nemi aboki mai gaskiya ya sa shi ya riƙa lura da shi, ko ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, ko ya cuɗanya da mutane, duk abin ƙin da ya gani a wajensu ya bincika ko yana da shi. In aka auna da yau, ta uku ta yi yawa har ta zama annoba, don zagi a intanet ba ya ƙarewa, mafi yawansa kuma daga waɗanda ba su san ka ba ne, saboda haka ba ya koya maka komai. Ta biyu ce ta yi wuya. Aboki na nan, sai dai ba zai faɗa ba sai ka tambaya, kuma ba zai faɗa karo na biyu ba in ka kare kanka a karon farko. Abin da kaka da taubashi ke ba mu kyauta ko muna so ko ba ma so, yanzu sai mutum ya je ya roƙa, ya kuma iya yin shiru har a gama.

Tarihinmu na da misalin wannan bincike a wuri mafi wuya, wato lokacin nasara. 'Yan shekaru bayan fara jihadi a 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma ɗaya daga manyan jagororin yaƙin, ya dubi yadda son mulki da dukiya ya fara shiga jama'arsu, ya ga ba abin da suka fito dominsa ke nan ba. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka. A Kano mutane suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, daga baya ya koma. Mutumin da ake cin garuruwa da hannunsa, da ya so da ya gaya wa kansa cewa komai daidai ne, kuma da ba a rasa maroƙan da za su taya shi ba.

Ba sai a littafi ake samun irin wannan ba. Akwai wani tela a unguwarmu, dattijo ne, kekensa tsohon ƙirar ƙafa, shagon na warin man keke da sabuwar shadda. Kowa ya san yadda goman ƙarshe na azumi take a shagon tela: yadudduka jibge har rufi, ana kwana ana ɗinki, kowa aka ce masa "gobe in sha Allah", safiyar Idi wasu na tsaye a ƙofar shago da tsohuwar riga. Shi wannan dattijo yana da littafin makaranta da yake rubuta aikin da ya karɓa, in ya kai iyakar abin da ya san hannunsa zai iya sai ya ja layi. Ina zaune wata rana wani Alhaji ya shigo da shadda mai tsada, yana son aikin wuya irin na zamani da ake yi da injin kwamfuta. Tela ya shafa yadin, ya yaba shi, ya ninke, ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin ban iya shi ba. In na karɓa ɓata maka zan yi. Akwai yaro a bakin kasuwa, ya fi ni a nan, ka ce ni na turo ka." Alhajin ya ce ya dai gwada, ko nawa ne zai biya. Ya ce, "Ba kuɗin ba ne, Alhaji, hannun ne bai kai ba." Ya faɗi haka da muryar da yake faɗin kuɗin ɗinki da ita, bai sunkuyar da kai ba, ya koma kan kekensa. Abin da ya iya kuwa, kaftani da 'yar shara da wando, ba ya yarda a rage masa ko sisi a kai, don ya san ba mai kama shi a nan.

Wannan hali na da tsada, kuma shi ke biya. Wasu sun yi fushi da aka mayar musu da yadi ba su sake dawowa ba, kuɗin da ya bari ya wuce a makon Salla kuwa kuɗi ne da gidansa ke buƙata. Cikin yaran shagonsa biyu, ɗaya ya ga maigidan nasa ba zai taɓa yin arziki a haka ba, ya koma wani shago inda ba a mayar da ɗinki. Ɗayan yana nan, shi ke riƙe da littafin yanzu, kuma tun kafin tsakiyar azumin bana ya fara ce wa mutane aiki ya cika.